Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Tarihin Gwajin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta da Darasinsa ga Birnin Sakkwato

Gabatarwa

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wannan karin magana, ko da yake a kan mutum aka yi shi, ya hau kan na'ura daram, domin ita ma ba a sanin ƙwarinta ranar da aka fito da ita daga kwali tana ƙyalli, ana daddanna ta cikin ɗaki mai sanyi. Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin wani gwaji da ake yi wa kwamfuta, wanda masu ƙera ta da masu gyaran ta suka sani, amma galibin masu sayen ta da masu aiki da ita ba su san da shi ba. Gwajin kuwa shi ne a ɗora wa ƙwaƙwalwar kwamfuta aiki mafi nauyin da za ta iya ɗauka, a bar ta tana yi ba hutawa har tsawon sa'o'i, ana kuma sa ido a kan ma'aunin zafinta. A nan za a kira shi gwajin juriya. Abin da ake nufi da ƙwaƙwalwa kuma shi ne ɗan fallen nan na silikon, wanda bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, wanda masu gyara kan kira firosesa, shi ne ke gudanar da kowane lissafi da kwamfuta ke yi.

Mai yiwuwa a ce me ya haɗa wannan batu da tarihi, me kuma ya haɗa shi da Sakkwato. Amsa ita ce, tarihin kwamfuta tun daga 1946 har zuwa yau, babban ɓangarensa tarihin fama da zafi ne. Sakkwato kuwa tana cikin biranen da suka fi zafi a Nijeriya, ga shi kuma albashin ma'aikatanta, da jarrabawar 'ya'yanta, da ƙuri'un mutanenta, duk sun koma cikin na'urorin da aka ƙera, aka kuma gwada, a ƙasashen da ba su san bazara ba. Duk awon zafin da za a ambata a nan bisa ma'aunin Salsiyas ne, watau wanda ruwa ke daskarewa a digiri 0, ya tafasa a digiri 100.

Zafin Sakkwato da Yadda Magabata Suka Zauna da Shi

Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809 a kan tudu, kusa da inda Gulbin Rima ya haɗu da Gulbin Sakkwato, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya ƙauro cikinta daga Sifawa a 1815. Yanayin wannan ƙasa sananne ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kaɗowa da ƙura mai laushi kamar gari, wadda babu kafar da ba ta shiga. Daga Maris zuwa Mayu sai bazara ta kama, zafin rana tsaka ya kai digiri 40, sau da yawa ma ya wuce, har sai damina ta faɗi cikin Yuni.

Cikin baƙin da suka fara sa wannan zafi a ma'auni akwai Hugh Clapperton, wanda mutanen gari suka sani da suna Abdullahi. Ya iso Sakkwato a tsakiyar Maris 1824, ya zauna a hannun Waziri Giɗaɗo har farkon Mayu, watau ya sha bazarar shekarar kusan dukkanta. Ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kayan awonsa na taurari, ya kuma rubuta yadda ya tarar da Sarkin Musulmi da sanin ilmin falaki. Ya komo a 1826 da kyaututtuka, har da littafin lissafi na Iƙilidisi da Larabci, a Sakkwato kuma ajali ya riske shi ranar 13 ga Afrilu 1827. Heinrich Barth, watau Abdulkarim, shi ma cikin Afrilu ya iso Wurno da Sakkwato a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Dukansu biyu suna tafe da ma'aunin zafi, suna rubuta abin da ya nuna.

Amma rashin ma'auni na ƙarau bai hana masu sana'a sanin halin zafi ba. Maƙeri a unguwar Maƙera Assada idonsa ne ma'auninsa: launin ƙarfe cikin wuta, daga ja zuwa ruwan ɗorawa, shi ke gaya masa lokacin duka da lokacin janyewa, ya kuwa san in ya bar shi ya wuce kima ƙarfen ya ƙone. Mai ginin tukwane ba ta kai kayanta kasuwa sai sun shiga wuta, mai aibi ta fashe tun a can, mai saye kuma ba ya biya sai ya ƙwanƙwasa ya ji amo. Randa tana sanyaya ruwa ne don tana tsattsafo da kaɗan daga cikinsa ta jikinta, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Magini kuwa yana yi wa soro bango mai kauri don ya shanye zafin rana a hankali, shi ya sa ɗaki ke da sanyi da hantsi, amma da dare bangon ya amayo abin da ya sha, har mutane su fito tsakar gida su kwana.

Abubuwa uku ke nan magabata suka gane. Zafi sai an yi masa hanyar fita. Abu mai kauri jinkirta zafi yake yi, ba ya kashe shi. Abin da za a dogara da shi kuma sai an fara sa shi a wuta. A kan waɗannan uku aka gina gwajin juriya.

Asalin Zafi Cikin Na'ura

Wajen 1840 James Joule na Ingila ya tabbatar da cewa duk lokacin da wutar lantarki ta bi ta cikin waya sai ta haifar da zafi, ya kuma fitar da ƙa'idar lissafa yawansa. Kwamfuta ba ta ɗaga kaya, ba ta niƙa hatsi, saboda haka kusan dukkan wutar da ta sha zafi take komawa. Ƙwaƙwalwar da ke shan wat 100, murhu ce mai wat 100.

An ga wannan ƙuru-ƙuru a ENIAC, kwamfutar da aka bayyana wa duniya cikin Fabrairu 1946 a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Tana da kwalaben lantarki fiye da 17,000, irin waɗanda akan gani suna ja cikin tsofaffin akwatunan rediyo, nauyinta ya kai tan 30, tana kuma shan wuta kilowat 150, watau kamar a kunna dutsen guga 150 cikin ɗaki ɗaya. Masana da yawa sun yi zaton ba za ta yi aiki ba, don kafin a gama lissafi ɗaya wata kwalba ta ƙone. Injiniyanta Presper Eckert ya magance wannan ta hanyoyi uku: ya sa ana gwada kwalabe kafin a ɗaura su, ya riƙa ba su wuta ƙasa da abin da aka ƙera su su ɗauka, daga baya kuma aka daina kashe na'urar, don an lura yawancin kwalabe lokacin ɗumama da hucewa suke mutuwa. Da haka aka rage mutuwar kwalabe zuwa kamar ɗaya cikin kwana biyu, a 1954 har ta yi sa'a 116 tana aiki ba tare da ta tsaya ba.

Cikin Disamba 1947 John Bardeen da Walter Brattain, na rukunin William Shockley a ɗakin binciken Bell, suka ƙago tiransisto, wanda ke yin aikin kwalba ba tare da an gasa wata waya ba. Sai dai na farko da sinadarin jamaniyam aka yi su, shi kuwa da ya kai wajen digiri 75 sai ya rikice. Cikin Mayu 1954, a wani taron injiniyoyi a Dayton ta jihar Ohio, Gordon Teal na kamfanin Texas Instruments ya yi wani gwaji da ya shiga tarihi. Ya kunna faifan garmaho, ya tsoma tiransiston jamaniyam da ke ƙara sautin cikin mai mai zafi, nan take kiɗa ya ɗauke. Ya sake da na silikon, ya tsoma, kiɗa ya ci gaba. Gani ya kori ji. Juriyar zafi tana cikin manyan dalilan da suka sa silikon ya gaji jamaniyam, har ya zama shi ne ƙashin bayan kowace kwamfuta.

Tseren Sauri da Inda Ya Tsaya

Jack Kilby a 1958 da Robert Noyce a 1959 suka gano yadda za a haɗa tiransisto da yawa a kan falle ɗaya. A 1965 Gordon Moore ya lura cewa yawan da ake iya cusawa yana ninkawa a kai a kai. Cikin Nuwamba 1971 kamfanin Intel ya fito da 4004, ƙwaƙwalwa mai tiransisto 2,300, wadda wutar da take sha ba ta kai wat ɗaya ba, ba ta kuwa bukatar fanka. A 1974 Robert Dennard na IBM da abokan aikinsa suka nuna cewa in an ƙanƙanta tiransisto aka kuma rage masa ƙarfin wuta daidai gwargwado, zai ƙara sauri ba tare da zafin fallen ya ƙaru ba. Kusan shekara talatin masana'antar na cin moriyar wannan ƙa'ida.

To, amma ba a bi ƙa'idar sau da ƙafa ba, don kasuwa sauri take so. Zafin ƙwaƙwalwa yana hawa ne daidai da saurin bugunta, yana kuma ninkawa huɗu in aka ninka ƙarfin wutar sau biyu. Pentium ta 1993, mai tiransisto miliyan 3.1, tana shan kimanin wat 15. Pentium 4 ta 2004, mai tiransisto miliyan 125, ta kai wat 115. Daɗin daɗawa, da tiransisto suka ƙanƙance ƙwarai sai suka fara yoyon wuta ko da suna kashe, yoyon kuwa yana ƙaruwa da zafi, zafin kuma yana ƙaruwa da yoyo. Tun a 2001 Pat Gelsinger na Intel ya yi gargaɗi a wani taron injiniyoyi cewa in aka ci gaba a haka, zafin da ke fita daga kowane ɗan yanki na falle zai kai na tukunyar nukiliya. Cikin Mayu 2004 Intel ta soke ƙwaƙwalwar da ta shirya ta gaji Pentium 4, cikin Oktoba kuma ta janye alkawarin kai sauri gigahaz 4. Daga 2005 ita da AMD suka koma sa ƙwaƙwalwa biyu ko fiye a falle ɗaya, maimakon ɗaya mai tsananin gudu. Ba rashin dabara ya tsai da tseren ba, zafi ne.

Hanyar fitar da zafin kuwa ba ta yi nisa da hikimar randa ba. A kan ƙwaƙwalwa akan ɗora wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, na jan ƙarfe ko na sanholo, a shafa wani mai tsakaninsu don kada iska ta raba su, fanka kuma ta riƙa hura haƙoran. Cikin kwamfutar tafi-da-gidanka akwai siririn bututun jan ƙarfe mai ɗan ruwa a ciki, wanda George Grover ya inganta a Los Alamos a 1963. Ruwan yakan zama tururi a kan ƙwaƙwalwa, ya tafi da zafin zuwa bakin fanka, ya huce ya komo.

Yadda Gwajin Juriya Ya Kafu

Tun zamanin kwalabe injiniyoyi suka lura cewa kayan lantarki lokaci biyu suka fi mutuwa: suna sababbi, in akwai aibin ƙira, da kuma bayan sun tsufa. Saboda haka masana'antu suka ɗauki al'adar gasa sabon kaya, watau a sa shi aiki cikin ɗaki mai zafi na wasu sa'o'i ko kwanaki, mai aibi ya mutu tun bai bar gida ba. Aikin mai tukwane ke nan. Dalilinsa na kimiyya yana cikin ƙa'idar da Svante Arrhenius na Suwidin ya fitar a 1889, cewa zafi yana gaggauta sauyawar sinadarai. Daga nan injiniyoyi suka sami ƙiyasin da suke aiki da shi, musamman ga kafasita, cewa ƙarin digiri 10 yakan rage rabin kwanan kaya.

Abin da ya fito da gwajin daga masana'anta zuwa hannun talaka kuwa lissafi ne. A 1994 Thomas Nicely, malamin lissafi a Kwalejin Lynchburg ta jihar Virginia, yana bincike a kan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, sai ya ga Pentium ɗinsa tana kuskure a wasu lissafan rabawa. Wannan aibi ba na zafi ba ne, na ƙira ne, amma ya ci wa Intel dala miliyan 475, ya kuma koya wa duniya cewa ƙwaƙwalwa tana iya ba da amsar ƙarya fuskarta a sake. A 1996 George Woltman ya kafa wani shiri na neman manyan lambobi irin waɗannan da kwamfutocin 'yan sa kai, ya rubuta manhajar Prime95. Da yake kuskure ɗaya yana ɓata aikin makonni, sai ya sa mata wani sashe da ke ba ƙwaƙwalwa lissafi mai tsanani wanda an riga an san amsarsa, a kwatanta. Wannan sashe shi ya zama gwajin juriya mafi shahara a duniya. Farkon 2016 ma da shi aka gano wani aibi da ke sa ƙwaƙwalwar Skylake ta Intel ta sandare, har kamfanin ya fitar da gyara.

Wasu al'amura biyu sun ƙara fito da matsayin zafi. Cikin Agusta 2000 Intel ta janye Pentium III mai gigahaz 1.13 daga kasuwa, bayan masu gwaji na waje sun nuna tana tuntuɓe in aka matsa mata da aiki. A 2001 kuma masu binciken Tom's Hardware suka cire ƙarfen sanyaya daga kan ƙwaƙwale suna tsakar aiki. Athlon ta AMD ta ƙone cikin 'yan daƙiƙoƙi har da hayaƙi, Pentium 4 kuwa ta rage saurinta da kanta ta tsira. Bayan wannan, kare kai daga zafi ya zama wajibi ga kowace ƙwaƙwalwa, daga 2006 kuma Intel ta sa ma'aunin zafi mai ba da lamba cikin fallen kansa. A yau yawancinsu iyakarsu tana tsakanin digiri 95 da 105. In sun kai nan sai su rage gudu, in abin ya faskara su kashe kansu.

Wannan kariya ta kawo sabuwar matsala. Kwamfutar da zafi ya dama ba ta ƙara yin hayaƙi, nawa kawai take yi, mai ita ya ɗora laifi a kan tsufa ko a kan intanet. A 2021 injiniyoyin Google da na Facebook, kowane rukuni daban, suka ba da rahoton cewa cikin ɗimbin ƙwaƙwalen da suke aiki da su akwai 'yan kaɗan da ke kuskuren lissafi a ɓoye, ba wata alama. Aibin da ba ya kuka kuwa sai an tone shi da gwaji.

Yadda Ake Yin Gwajin

Gwajin ba ya bukatar kuɗi. Manhajoji biyu ake buɗewa, ɗaya mai ɗora kaya, kamar Prime95 ko stress-ng, ɗaya mai nuna zafi da sauri, kamar HWiNFO ko Core Temp. Da fari a auna zafin ɗakin a rubuta. Sa'an nan a rubuta zafin ƙwaƙwalwa tana hutawa. Daga nan a sakar mata aiki, a riƙa duba lambobi. Cikin daƙiƙoƙin farko zafin zai yi tsalle, sa'an nan ya riƙa hawa a hankali har ya tsaya wuri ɗaya. A nan darasin soro yake: ƙarfen sanyaya da akwatin kwamfuta suna shanye zafi na ɗan lokaci, saboda haka gwajin minti biyu yaudara ne. Sa'a guda tana nuna ko sanyayawar ta isa, neman kuskuren lissafi kuwa akan bar shi ya kwana. In fanka ba ta juyawa, ko kwamfuta ta kashe kanta, sai a tsai da gwajin a nemi dalili.

Abubuwa uku ake dubawa tare: inda zafin ya tsaya, ko saurin ya faɗi, da ko an sami kuskure. Lambar zafi ita kaɗai ba hukunci ba ce, domin wasu ƙwaƙwalen zamani, kamar Ryzen 7000 ta AMD da ta fito a 2022, da gangan aka ƙera su su hau har digiri 95 su zauna a nan suna aiki. Wadda za a tuhuma ita ce wadda ta kai iyaka sa'an nan saurinta ya zube, ko ta ba da amsar da ba daidai ba.

Babban abin lura shi ne, zafin ƙwaƙwalwa zafin ɗaki ne da ƙari. A ƙaddara wata kwamfuta tana ƙara digiri 55 a kan na ɗaki in tana cikakken aiki. A ɗaki mai digiri 22 za ta tsaya a 77, lafiya lau. A kai ta ofishin da ya kai 42 cikin Afrilu, sai ta tsaya a 97, bakin iyaka. In ƙurar hunturu ta toshe haƙoran ƙarfen har ƙarin ya zama 65, lissafi ya ba da 107, watau dole ta rage gudu. Kwamfuta ɗaya ce, ba abin da ya lalace cikinta, wuri ne ya sake.

Kwamfuta a Sakkwato

A 1963 IBM ta buɗe cibiyar koyar da aikin kwamfuta a Jami'ar Ibadan. Kwamfutocin wancan zamani manya ne, ɗaki na musamman ake gina musu mai na'urar sanyaya iska, saboda haka zafi damuwar 'yan ƙalilan ce. An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, Farfesa Shehu Galadanci ne shugabanta na farko, aka fara karatu a 1977, aka kuma sake mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 1988. A 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a cikinta, don nazarin yadda za a ci moriyar rana. Masu wannan fanni sun san matsalar da ake magana a kai, domin ƙarfin da ake rubutawa a bayan farantin sola a digiri 25 aka auna shi, kowane digiri ɗaya da ya ƙaru kuma yana rage kimanin kashi 0.4 cikin 100. Farantin da rana ta gasa ya kai digiri 65 ya yi asarar wajen kashi 16 cikin 100.

Da kwamfuta ta ƙanƙance sai ta fito daga ɗakinta mai sanyi ta shiga ko'ina. Wayar salula ta GSM ta zo a 2001. Gwamnatin Tarayya ta fara biyan albashi ta tsarin IPPIS a 2007. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mai da ita gaba ɗaya a 2015, jarrabawar kuwa sau da yawa tsakanin Maris da Mayu take faɗowa, tsakiyar bazara. Zaɓen 28 ga Maris 2015 da na'urar tantance kati aka yi shi, na 2023 kuma da BVAS, a filin Allah. Ga shi kuwa kamfanin Apple, alal misali, ya bayyana cewa kwamfutocinsa na tafi-da-gidanka an yi su ne su yi aiki a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 da 35, wayoyinsa kuma tsakanin 0 da 35. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya ɗakuna ta Amurka, ASHRAE, tana ba da shawarar digiri 18 zuwa 27 ga ɗakunan manyan kwamfutoci. Rana tsakar bazarar Sakkwato ta wuce duk waɗannan iyakoki. Alamu kuma ba na sauƙi ba ne, domin ranar 3 ga Afrilu 2024 garin Kayes na Mali, wanda ke cikin yankin Sahel kamar Sakkwato, ya kai digiri 48.5.

Wani zai ce buga wasiƙa da amsa tambayoyin jarrabawa ba sa wahalar da ƙwaƙwalwa, don me za a gwada ta da kayan da ba za ta taɓa ɗauka ba? Akwai gaskiya cikin wannan. Amma gwajin ba don a kwaikwayi aikin yau da kullum ake yin sa ba, don a san ratar da ta rage ne tsakanin na'ura da iyakarta. Ɗaki mai kwamfuta 250 da ɗalibai 250, ranar da wuta ta ɗauke, janareta kuma ba ya iya ɗaukar na'urar sanyaya iska, wannan rata ita ce ke tsakanin yaro da shekara guda ta rayuwarsa. Har wa yau, gwajin yana tona abin da ido ba ya gani cikin kwamfutocin gwanjo da suka cika kasuwa: man da ya bushe, fankar da ta gaji, da ƙarfen da bai zauna daidai ba.

Kammalawa

Daular Sakkwato tana da muƙamin muhtasibi, wanda cikin ayyukansa akwai duba mudu da ma'auni a kasuwa, don kada a tauye wa mai saye. Ma'aikacin da ke karɓar kaya daga ɗan kwangila, ya sa hannu a takardar biya, magajin wannan aiki ne, ko ya sani ko bai sani ba. Ƙirga kwalaye da ganin fitila ta kama ba su isa shaida ba. Abin da tarihi ya nuna shi ne a rubuta gwajin juriya cikin sharuɗɗan kwangila tun farko, a yi shi cikin ɗakin da za a yi aiki da na'urar, da rana tsaka, na'urar sanyaya iska tana kashe, a rubuta zafin ɗaki da na hutu da na aiki cikin littafi, a ajiye. Bayan kowane hunturu a buɗe a kakkaɓe ƙura, a sake gwajin kafin bazara ta kama, a kwatanta da lambobin bara. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuma kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, don ta ƙasa take shaƙar iska.

Ga ɗalibai kuwa akwai aiki a gaba. Lambobin da masana'antu ke bugawa na ɗakunansu ne. Lambobin Sakkwato, watau yadda kowace irin na'ura ke yi a Maris da Afrilu, da yawan abin da ƙurar hunturu ɗaya ke ƙarawa, da irin ginin da ya fi sanyaya ɗakin kwamfuta ba tare da dogaro da wuta ba, waɗannan sai wanda ke zaune a nan ne zai iya auna su. Kayan aikin kuwa ba su wuce ma'aunin zafi ɗaya, da manhaja biyu na kyauta, da littafin rubutu, da haƙuri ba.